Tutar alkibla a x86: a ina ne ya wajaba a rubuta cld?

Dalibin_Asembili:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina rubuta ƙaramin kenel mai bit 32 domin koyo, manhajar tashi ta GRUB ce take ɗora shi, kuma a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, nake gwada shi. Makonni biyu da suka wuce na rubuta memmove, fankishin ɗin da ke kwafe bayanai daga wani wuri zuwa wani a ma'adana, da hannuna a asembili. Idan wurin da za a kwaso bayanan da wurin da za a zuba su sun hau kan juna, nakan sa std, umarnin da ke ɗaga tutar alkibla (DF) domin kwafi ya tafi baya, in yi rep movsb daga ƙarshe zuwa farko, sannan in rufe da cld, umarnin da ke sauke tutar, kafin in koma. Na duba layukan fiye da sau goma, babu hanyar da za a fita daga wannan fankishin ba tare da an bi ta kan cld ba. Duk da haka, tun ranar da na kunna agogon PIT, wanda ke katse furosesa a kowane bugu, a kan bugu 100 a daƙiƙa, kenel ɗin yakan faɗi ba zato ba tsammani, wani lokaci bayan minti ɗaya, wani lokaci sai ya yi rabin sa'a lafiya ƙalau. Idan na cire std na koma kwafi da madauki na C, matsalar takan ɓace gaba ɗaya. Tambayata ita ce: tun da na mayar da tutar alkibla yadda na same ta, me ya rage a kaina? Ni a fahimtata wanda ya ɗaga tuta shi ne zai sauke ta, kuma na sauke.

Injiniya_Zazzau:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka sauke tutar, amma ka manta cewa tsakanin std da cld akwai tazara, kuma a cikin wannan tazarar ba kai kaɗai ne kake amfani da furosesa ba. Umarnin da aka sa wa rep a gaba ana iya katse shi a tsakiya. Idan agogo ya buga alhali ka kwafe bayit 300 daga cikin 4000, furosesa zai ajiye EFLAGS, wato rajistar tutoci, da CS da EIP a kan sitak, EIP ɗin yana nuna shi kansa umarnin rep movsb, su kuma ECX da ESI da EDI suna riƙe da inda aka tsaya, sannan ya shiga mai karɓar katsewarka. Abin lura shi ne yana shiga ne da tutar alkibla a ɗage, domin babu abin da ya sauke ta. Idan daga nan ka kira fankishin ɗin C, to ka kira shi a yanayin da kompaila bai taɓa tsammani ba. Ka nuna mana layukan da kake shiga katsewa da su. Ina kyautata zaton akwai pusha, akwai call, amma babu cld a tsakaninsu.

MaiGyaranBoard:
Malam Injiniya, a gafarce ni, amma na ɗauka ƙofar katsewa ta IDT, teburin da ke nuna mai karɓar kowace katsewa, tana share tutoci da kanta idan an shiga. Ba shi ne bambancinta da ƙofar tarko ba?

Injiniya_Zazzau:
Tana sharewa, Malam, amma ba duka ba. Ko ta ƙofar katsewa aka shiga ko ta ƙofar tarko, furosesa yana sauke TF da NT da RF da VM. Bambancin ƙofofin biyu a kan IF kawai yake: ƙofar katsewa tana sauke ta domin kada wata katsewa ta shigo, ƙofar tarko kuwa tana barinta yadda take. DF, wadda ita ce bit na 10 a EFLAGS, ba ta cikin wannan jerin ko kaɗan. Wuri ɗaya da na sani ake samun sabuwar EFLAGS cikakkiya a bit 32 shi ne ƙofar aiki, inda ake ɗauko dukkan rajistoci daga TSS, tsarin da ke ajiye yanayin aiki, kuma mafi yawan masu rubuta kenel ba sa amfani da ita sai domin kuskure mai ninki biyu, wato katsewa mai lamba 8.

Hajiya_Kernel:
Ina so in ƙara wa Dalibi bayani a kan dalilin da ya sa C ne yake fara ciwo, domin nan ne mutane suke ruɗewa. Furosesa ba shi da wani ra'ayi game da wace alkibla ce daidai. Idan DF sifili ce, movs da stos da lods da cmps da scas da ins da outs suna ƙara ESI ko EDI bayan kowane taku. Idan ɗaya ce, suna rage su. Duka biyun halal ne a wurinsa. Wanda ya ce dole tutar ta kasance a sauke shi ne yarjejeniyar kira, wato ABI. Takardar System V ta i386 da ta AMD64 duka sun rubuta cewa DF ta kasance a sauke lokacin shiga fankishin da lokacin fita daga cikinsa, kuma Microsoft ma ta ɗora irin wannan sharaɗin a Windows. A kan wannan alƙawarin ne GCC yake dogara idan ya ga ka rubuta tsari ka ce a cika shi da sifili: sau da yawa sai ya mayar da shi rep stosl, ya nuna EDI a farkon tsarin, ya sake shi. Idan tutar a ɗage take, kalma ta farko ce kawai za ta faɗa inda aka nufa, sauran kuma su tafi baya, su goge abin da ke ƙasa da tsarin. Tsarin da kake tsammanin an share shi yana nan cike da tarkace, maƙwabtansa kuwa an shafe su. Shi ya sa faɗuwar ba ta da lokaci, sai an yi dace agogo ya buga a cikin tazarar nan, kuma abin da aka goge ya zama mai amfani.

Dalibin_Asembili:
Hajiya da Malam Injiniya, Allah ya saka da alheri. Gaskiya ne, babu cld a wurin shigata. Abin da ke nan shi ne pusha, sai ajiye rajistocin sashe, sai call, sai popa, sai iret. To amma idan na sa cld a can, ba zan lalata wa memmove aikinsa ba? Idan aka dawo masa da tuta a sauke, ai sauran kwafin zai juya ya tafi gaba. Ko sai na yi pushf da popf a gefe biyu?

Hajiya_Kernel:
Ba ka buƙatar pushf, ɗana. Furosesa ya riga ya yi maka wannan aikin tun lokacin da ya ajiye EFLAGS a kan sitak kafin ya shiga wurinka, kuma iret zai ɗauko wannan kwafin ya mayar, har da DF a ɗage kamar yadda memmove ya bar ta. Duk abin da ka yi wa tutar a cikin mai karɓar katsewa naka ne kai kaɗai, yana ƙarewa da iret. Layi ɗaya ne, bayit ɗaya ma, 0xFC, ka sa shi kafin call.

Dan_Kurmi86:
Ni a ganina an tsawaita magana. Ya rufe katsewa da cli kafin std, ya buɗe da sti bayan cld, shi ke nan babu agogon da zai same shi a tsakiya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Me ya sa dukkan masu karɓar katsewa za su ɗauki nauyin abin da fankishin ɗaya ya jawo?

Injiniya_Zazzau:
Malam Dan Kurmi, wannan shawarar za ta ɓoye matsalar yau, ta bar ta gobe. Da farko, cli ba ya hana NMI, katsewar da IF ba ta iya toshewa, wadda take shigowa ta lamba 2, ba ya hana kuskuren na'ura mai lamba 18, kuma ba ya hana kuskuren shafi mai lamba 14, wanda shi kansa rep movsb ɗin zai iya jawowa idan ya taka shafin da ba a shimfiɗa ba. Na biyu, riƙe katsewa a rufe tsawon kwafin da zai iya kai megabayit abu ne da zai jinkirta komai a na'urar. Na uku kuma shi ne mafi nauyi: ranar da Dalibi zai fara gudanar da manhajoji a zobe na 3, wato matakin manhajojin mai amfani, ba shi da iko a kan abin da za su yi da tutar. Umarnin std ba ya buƙatar wani izini. Kowace manhaja za ta iya ɗaga DF sannan ta kira int 0x80 da gangan, kuma idan kenel bai sauke ta a bakin ƙofa ba, to mai amfani ya sami hanyar juya alkiblar kwafi a cikin kenel. A nan magana ta tashi daga faɗuwa ta koma ta tsaro.

Dan_Kurmi86:
Na karɓi batun zobe na 3, ban kawo shi a raina ba. Amma har yanzu ina ganin std ɗin ne bai kamata ya shiga kenel ba tun farko.

Tsohon_DOS:
Ku ba tsoho wuri ya ce wani abu. A zamanin da muke rubuta manhajojin DOS da asembili, al'adar ta bambanta da abin da Hajiya ta bayyana. Ba mu yarda da kowa ba. Duk inda za ka yi lodsb ko rep movsw, sai ka rubuta cld a gabansa, ko da kai ne ka rubuta wani cld ɗin layi goma a sama, domin ba ka san abin da BIOS ko wata manhaja mai zama a ma'adana ta bari ba. Wato nauyin yana kan mai amfani da umarnin jeri, ba kan mai kira ba. Kuma wannan al'adar ba ta mutu ba. Wanda ya buɗe x86.h na xv6, kenel ɗin koyarwa na MIT, zai ga stosb da insl duk an rubuta su da cld a gaban rep. Ni har gobe haka nake yi, rigakafi ya fi magani, kuma bayit ɗaya bai taɓa talauta kowa ba.

Hajiya_Kernel:
Baba, wannan al'adar tana da kyau muddin kai ne kake rubuta kowane umarnin jeri da hannunka. Matsalar ita ce a kenel na C ba kai kaɗai ne marubuci ba, kompaila ma yana rubutawa, kuma shi ya daina bin al'adarku tun 2008. Kafin GCC 4.3, kompailan yana sa cld da kansa kafin umarnan jerin da yake fitarwa, kamar dai yadda Baba yake yi. Da 4.3.0 ya fito a watan Maris na 2008, sai aka cire wannan, bisa hujjar cewa ABI ta riga ta yi alƙawarin tutar a sauke take, kuma a kan furosesoshi irin su Pentium 4 umarnin ba shi da arha. Cikin 'yan kwanaki sai aka gano cewa Linux, da kenel ɗin BSD ma, suna kiran mai karɓar sigina na manhaja ba tare da sun sauke DF ba. Idan sigina ta sami manhaja a tsakiyar kwafin baya, mai karɓar siginar zai fara aiki da tuta a ɗage, daidai irin abin da ya sami Dalibi, sai dai a ɓangaren mai amfani. Masu aikin Debian ne suka ci karo da shi ta hanyar SBCL, wani kompaila na harshen Lisp, aka ba shi lamba CVE-2008-1367, aka gyara a Linux 2.6.25. Kuskuren ya shekara da shekaru yana kwance, cld ɗin da GCC yake yayyafawa ne yake rufa masa asiri.

Tsohon_DOS:
To ai kin kawo mini hujja, Hajiya. Shekarun da ake yayyafa cld ɗin babu wanda ya ji ciwo, ranar da aka daina ne aka fara kuka.

Hajiya_Kernel:
Haka wasu suka faɗa a lokacin, Baba, kuma ba a yi watsi da su ba, domin an ƙara wa GCC zaɓin -mcld saboda masu gudanar da sababbin manhajoji a kan tsofaffin kenel. Amma ko a wancan zamanin kariyar ba cikakkiya ba ce. Duk asembilin da mutum ya rubuta da hannu yana dogaro da ABI, ko lambar da wani kompaila dabam ya fitar, a buɗe suke ga wannan kuskuren. Gyaran gaskiya shi ne wanda aka yi a kenel: lokacin da yake shirya wa mai karɓar sigina wuri, sai ya sauke DF a rajistocin da zai shiga da su, tsohuwar ƙimar kuma tana ajiye a firam ɗin siginar, sigreturn ya mayar da ita.

Binta_Rust:
Ina bin wannan zaren da sha'awa domin ni a Rust nake rubuta nawa, kuma ban taɓa rubuta cld da hannuna a mai karɓar katsewa ba. Da na warware lambar da aka fitar sai na gan shi a can. Idan aka ayyana fankishin da extern "x86-interrupt", LLVM yana ɗaukar cewa ba a san halin tutar ba, sai ya sa cld a farkonsa idan akwai buƙata. Abin da nake so in jawo hankali a kai shi ne wannan gatan yana tsayawa ne a irin waɗannan fankishin ɗin kawai. Da zarar mutum ya rubuta wurin shigarsa da asembili tsura, misali domin ya ajiye dukkan rajistoci saboda sauya aiki, to ya koma inda Dalibi yake, nauyin ya dawo kansa. Takardun asembilin cikin layi na Rust ma sun faɗa ƙarara cewa dole DF ta kasance a sauke lokacin fita daga asm.

MaiGyaranBoard:
Tun da an ambaci sauya aiki, ina da tambaya. Idan agogo ya katse aiki na farko yana tsakiyar kwafin baya, mai tsara ayyuka ya ba aiki na biyu furosesa, wa yake riƙe da tutar na farkon? Ko sai an ƙara mata gurbi a tsarin da ake ajiye yanayin aiki?

Injiniya_Zazzau:
Ba sai an ƙara ba, Malam, idan an bi tsarin da aka saba. Tutar aiki na farko tana cikin EFLAGS ɗin da furosesa ya ajiye a kan sitak ɗin kenel na wannan aikin lokacin da agogo ya buga. Daga nan an yi cld, an shiga C, an kira mai tsara ayyuka, shi kuma ya kira fankishin ɗin sauya sitak. Wannan kiran na ƙarshe kira ne na yau da kullum, saboda haka DF a sauke take a ɓangarorin biyu, babu abin ajiyewa. Ranar da aka dawo kan aiki na farko, zai warware hanyarsa har zuwa iret, ya karɓi tutarsa a ɗage, ya ci gaba da kwafinsa. Inda za a kula shi ne lokacin ƙirƙirar sabon aiki, inda kai ne kake ƙera firam ɗin iret na farko da hannu. Mutane sukan sa 0x202, wato IF da bit na 1 wanda kullum ɗaya ne, kuma wannan ƙimar DF ɗinta a sauke take. Wanda ya kwafo EFLAGS daga wani wuri ba tare da ya tace ba shi ne zai iya gadar da tuta ga aikin da bai san da ita ba.

Sadauki_64:
Ga waɗanda suka wuce zuwa bit 64, akwai sauƙi ɗaya da ya kamata a sani. Umarnin syscall yana ajiye RIP a RCX, ya ajiye RFLAGS a R11, sannan ya sauke duk tutar da aka sa wa alama a rajistar IA32_FMASK, mai adireshi 0xC0000084. Idan ka haɗa 0x400 a cikin abin da ka rubuta mata, furosesa da kansa zai sauke DF a kowane kiran kenel, ba ka buƙatar cld a wannan ƙofar. Linux yana sa DF a can tare da IF da TF da AC da NT. Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa: FMASK ba ta shafi katsewa da kurakuran da suke bi ta IDT ba, kuma sysenter ba shi da irinta. Na taɓa ɓata kwana uku a kan haka, na gyara ƙofar syscall na ɗauka na gama, ashe ƙofar kuskuren shafi tana nan a buɗe. Kuma Dalibi, ranar da za ka koma bit 64, ka haɗa da -mno-red-zone, domin ABI ta ba fankishin izinin amfani da bayit 128 a ƙasan RSP, katsewar da ta zo a zobe na 0 kuwa a nan za ta zuba firam ɗinta. Alamomin cutar iri ɗaya ne da naka, faɗuwa jefi-jefi da ba ta da lokaci.

Dan_Kurmi86:
Ina so in koma kan abin da na faɗa a sama, domin ba a amsa shi ba. Ko an gyara ƙofofi duka, wace riba ake samu da std a yau? Hanyar sauri ta rep movsb, wadda Intel ta inganta tun Ivy Bridge da abin da ake kira ERMS, tana aiki ne idan ana tafiya gaba. Da ka ɗaga tutar, furosesa yakan koma tafiya taku-taku, har madauki na mov da aka rubuta da kyau ya wuce shi nesa ba kusa ba. Dalibi da kansa ya ce da ya koma madaukin C matsalar ta ɓace. To ya zauna a can mana.

Hajiya_Kernel:
A kan sauri ina tare da kai, Malam Dan Kurmi, musamman rep movsb na baya, wanda shi ne mafi jinkiri a cikinsu. Amma kalmar "ɓace" ce ban yarda da ita ba. Matsalar ba ta ɓace ba, an daina taka ta ne kawai, ƙofar tana nan ba cld. Sannan std bai fita daga manyan kenel ba. A arch/x86/boot/compressed/head_64.S na Linux, lokacin da kenel ɗin da aka matse yake kwafe kansa zuwa ƙarshen wurin da za a warware shi, da std da rep movsq da cld ake yi, domin wuraren suna iya hawa kan juna, kuma a wannan matakin katsewa a rufe take, gajartar lamba ta fi sauri muhimmanci. Abin da suka yi maimakon haramta shi shi ne sa masa ido. Tun Linux 5.2 a 2019, objtool, kayan aikin Linux na duba lamba, yana bin kowace hanya a lambar da aka harhaɗa, yana gargaɗi idan aka yi kira ko aka koma alhali DF a ɗage take.

Tsohon_DOS:
Wannan duk gadon 8086 ne na 1978. Zilog a Z80 ba ta yi tuta ba, ta yi umarni biyu: LDIR mai tafiya gaba, LDDR mai tafiya baya. Alkiblar tana cikin umarnin, mai karatu yana gani, babu wani hali da zai bi ka cikin katsewa. Intel ta zaɓi ta rage yawan umarnai ta ɓoye alkiblar a tuta, mu kuma muna biyan kuɗin fiye da shekara arba'in. Masu aiki a ARM da RISC-V ba su san wannan ciwon kan ba.

Binta_Rust:
Baba ya tuna mini da wata ƙofar da ba a ambata ba, wato ta farkon tashi. Dalibi ya ce GRUB ne yake ɗora shi. Takardar Multiboot ta yi alƙawarin abu biyu ne kawai game da EFLAGS: VM a sauke, IF a sauke, sauran kuma ta ce ba a fayyace su ba. Saboda haka _start ma yana buƙatar cld kafin ya share .bss da rep stosl ko ya kira kmain, ko da a aikace GRUB yana barin tutar a sauke. UEFI ta fi kyautatawa, domin ta rubuta cewa tutar a sauke take idan aka shiga manhajarka. Wanda kuma yake rubuta sashen tashi na bayit 512 da BIOS yake ɗorawa a 0x7C00, shi ba a yi masa alƙawarin komai ba. Furosesa yana farkawa da EFLAGS a 0x2, amma BIOS ya yi aiki mai yawa kafin ya miƙa maka, shi ya sa za ka ga cld a layukan farko na kusan kowane MBR, wato sashen tashi na farkon faifai, kafin ya kwafe kansa zuwa 0x600.

Dalibin_Asembili:
Na dawo da sakamako. Kafin in gyara komai, na so in ga abin da idona, sai na gudanar da QEMU da -d int na bar shi har ya faɗi. A katsewar agogo ta ƙarshe kafin faɗuwar, layin ya nuna EFL=00000646 [D--Z-P-], EIP kuma yana kan rep movsb na memmove daidai. Na warware mai karɓar agogon da objdump, sai ga rep stos a ciki, daga wani tsari da nake sharewa a kowane bugu. Na sa cld bayan pusha a wurin shiga na gama-gari, na sa wani a _start kamar yadda Malama Binta ta ce, na mayar da std ɗin memmove, kuma yanzu ya kwana yana gudana bai faɗi ba. A hanya na kuma gano wani kuskuren nawa: da na gwada sauya movsb zuwa movsl domin sauri, na bar ESI da EDI suna nuna bayit na ƙarshe, wato n-1, alhali a kwafin baya na kalma mai bayit 4 sai sun nuna n-4, in ba haka ba taku na farko zai tsallake iyaka da bayit 3.

Injiniya_Zazzau:
Madalla da ka nemi shaida kafin gyara, ƙanena. Abu ɗaya zan ƙara: ka tabbata dukkan lambobin IDT ɗinka ta wannan wurin gama-garin suke bi. Mutane sukan rubuta wa NMI ko kuskure mai ninki biyu wurin shiga na dabam daga baya, su manta da layin. Kuma idan wata rana ka kira BIOS ta hanyar komawa yanayin bit 16, ka ɗauki dawowar a matsayin sabuwar ƙofa.

Tsohon_DOS:
Ni dai da zan ga lambar, da na ce ya ƙara cld a gaban rep stosl ɗin da yake share .bss ma, ko da akwai wani a sama. Hajiya za ta ce maimaici ne.

Hajiya_Kernel:
Zan ce, Baba, kuma objtool ma yana da gargaɗi na musamman a kan cld da aka maimaita ba dalili. Damuwata da yayyafawa ita ce tana sa mai karatu ya kasa gane wanne ne yake riƙe da gini, wanne ne ado, sai wata rana wani ya zo yana share-share ya cire wanda bai kamata ba. Amma a sashen tashi na bit 16, inda babu ABI babu kompaila, ba zan yi jayayya da kai ba.

MaiGyaranBoard:
Dalibi, tun da kana shirin zobe na 3, idan ka kai ga sigina ko wani abu mai kama da ita ka dawo wannan zaren, domin ina so in ga yadda za ka tace EFLAGS ɗin da manhaja za ta miƙo maka a sigreturn. DF dole ka bar ta ta wuce, amma IOPL da IF fa?

Dalibin_Asembili:
Ban kai can ba tukuna, Malam, har yanzu TSS nake haɗawa. Amma na rubuta tambayar a saman fayil ɗin domin kada in manta. Malam Dan Kurmi, zan auna memmove ɗin biyu da rdtsc a kan na'ura ta gaske a ƙarshen mako, domin lissafin lokaci a QEMU ba abin dogaro ba ne, sai in kawo alƙaluman nan.